Haƙori A Alƙahira, Giɓi A Gwarzo

Wani sabon ciniki ya shigo mana, kuma gara a yi maganarsa tun bai yi jijiya ba. Dillalan da muka sani da harkar biza da Umara sun ƙara haja a tebur: dashen haƙori a ƙasar waje. Tallan yana yawo a wayoyi. A hagu an nuno baki kaca-kaca, a dama an nuno shi fari tas, a ƙasa an rubuta Masar ko Turkiyya ko Indiya ko Dubai, da alƙawarin motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgi, da otal, da tafinta, da "farashi mai rahusa". Maganar ta baro unguwannin masu kuɗi na birni, ta biyo titin Kabuga, ta wuce Janguza da Rimin Gado, ta iso teburan shayi na Kabo da Gwarzo. Sai ka ji mutumin da bai taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba yana ba ka labarin yadda ake aikin a Istanbul. Duk sanda na ji maganar rahusar nan raina ɓaci yake yi, domin ƙarya ce, kuma masu faɗa sun san ƙarya ce.

Araha ga wa? Ba don mu aka tsara tallan nan ba tun asali. Don mutumin Ingila da na Jamus aka yi shi. A Ingila inshorar lafiya ta gwamnati ba ta cika ɗaukar nauyin dashen haƙori ba, asibitin kuɗi kuma tsada gare shi kamar me. Baturen da ke karɓar albashi da fam, in ya hau jirgi na awa huɗu ya sauka a Turkiyya, kuɗinsa auki suke yi, shi kam ya ga sauƙi. Kai kuma da naira ka sayar da masararka da shanunka. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. A 2024 ta haye 1,500. Wanda yake ganin wasa ne ya leƙa kasuwar canji ta Wapa da jakar kuɗinsa ya ga 'yan takardu nawa za a miƙo masa. Dillali zai faɗa maka kuɗin ƙarfen dashe ɗaya, ya yi gum a kan sauran: biza, tikitinka da na ɗan rakiya, kwanan otal in kwanakin da aka ɗiba sun ƙare aiki bai ƙare ba, hoton muƙamuƙi, ƙarin ƙashi in naka ya zaizaye, da kan haƙorin da za a ɗora daga baya. Kamashonsa kuwa yana cikin kuɗin, ba zai taɓa nuna maka inda ya ɓoye shi ba.

Na san abin da ya sa tallan ke shiga kunnenmu da sauri. Mu mutane ne da suka saba zuwa waje su dawo da sabon haƙori. Tun zamanin kakanninmu Alhaji da Hajiya kan dawo daga Saudiyya da haƙorin Makka, na azurfa ko na zinare, a yi murmushi kowa ya san an sauke farali. Amma haƙorin Makka hula ce ake kifawa a kan haƙorin da yake raye da saiwarsa. A zama ɗaya an gama, ka biya ka tashi, in ya dame ka wata rana a cire. Mutane da yawa da wannan idon suke kallon dashe, suna zaton tsaraba ce da ake sayowa a dawo da ita. A nan dillali yake cin kasuwarsa.

Dashen haƙori tiyata ce. Ana tsaga dasashi, a huda ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura wani ƙaramin noti na ƙarfen titaniyam a ciki, sannan a jira ƙashin ya girma ya rungume shi. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashen. Abin da ya gano har yau bai sauya ba: ƙashi ba ya sauri don tikitinka ya kusa ƙarewa. Yawanci wata uku zuwa shida ake jira kafin a ɗora haƙori na dindindin. Ma'ana tafiya biyu ce aƙalla, biza biyu, tikiti biyu, otal biyu. Wanda aka ce masa "cikin mako guda ka gama", galibi haƙoran wucin gadi za a ɗora masa, na gasken sai ya koma. Wani kuma ba dashe za a yi masa ba sam, fiƙe masa lafiyayyun haƙora za a yi su zama 'yan tsinke a kifa musu huluna farare. Abin da aka fiƙe kuma ya tafi har abada.

To a ce an yi aikin, an yi shi da kyau ma. Ka dawo Getso ko Garo, an yi maka barka. Bayan wata takwas noti ya saki, ko dasashin da ke kewaye da ƙarfen ya kumbura ya fara fitar da mugunya, ƙashin da ke riƙe da shi ya fara zaizayewa. Wannan ciwo sananne ne ga likitoci, kuma ya fi kama mai shan taba da mai ciwon sukari da bai daidaita ba, da wanda dama ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙoran. Mutum nawa ne a cikin alhazanmu masu shirin tafiyar suke ɗauke da sukari ba su sani ba? Dillali ya taɓa tura wani gwajin jini kafin ya karɓi kafin alƙalami? Kuma ranar da abin ya tashi, wa za ka nufa? Kamfanonin da ke ƙera ƙarafan nan suna da yawa, Straumann daban, Nobel Biocare daban, Osstem daban, ga wasu barkatai marasa suna, kowanne da irin notinsa da irin abin kwance shi. Kamar ka sayo motar da babu kayan gyaranta ko ɗaya a Ƙofar Ruwa ne: makaniki ya iya aiki, amma sai ya tsaya yana kallonta. Likitan Kano zai tambaye ka wane iri aka sa maka, ka ce ba ka sani ba, takardar da aka ba ka da Larabci take ko Turkanci, in ma an ba ka. Ka kira dillali, waya a kashe. Ka ce za ka yi ƙara, a wace kotu? Hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya tana iya hukunta likitan da ke aiki a nan, amma hannunta bai kai Alƙahira ba.

Turawan da aka yi tallan dominsu ma kuka suke yi. A 2022 ƙungiyar likitocin haƙori ta Birtaniya ta tambayi mambobinta, fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka amsa suka ce sun yi jinyar mutanen da aikin waje ya ɓaci a bakinsu. Waɗannan fa mutane ne da likitan haƙori yake bayan layinsu. Ina ga mai kilomita 70 tsakaninsa da birnin Kano?

Kada a ce na zagi likitocin Masar ko na Turkiyya. Akwai gwanaye a cikinsu, da yawa daga likitocinmu ma a can suka yi karatu. Kuma ban ga laifin wanda ya rasa haƙoran gaba yana jin kunyar yin dariya a cikin mutane ba, ko dattijon da ya daina cin nama ya koma kunu da fura don turamensa sun zube. Lalura ce, kuma dashe magani ne na gaske in an yi shi a inda ya dace. Ana yin sa a Najeriya, a Abuja da Legas da wasu manyan birane. Jami'ar Bayero tana da tsangayar koyar da likitocin haƙori, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi, haka na Shika, haka na Sakkwato. Amma ka gaya wa mai kuɗinmu haka, sai ya taɓe baki ya ce, "Ai ni ba na ba su jikina." Wa ya koya masa wannan rainin?

Shugabanninsa ne. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda aka kai shi a Nuwamban 2009, ƙasa ta yi wata uku ba ta ga shugabanta ba. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, sashe na 46 ya hana a ɗauki kuɗin gwamnati a kai jami'i jinya waje sai in kwamitin likitoci ya ce babu makawa kuma minista ya amince. Tawadar ba ta gama bushewa ba aka ci gaba da fita. A watan Yunin 2016 marigayi Muhammadu Buhari ya tafi Landan saboda ciwon kunne, makonni kaɗan bayan gwamnatinsa ta ce ta daina ɗaukar nauyin irin waɗannan tafiye-tafiye. A 2017 ya yi fiye da kwana 100 a jere a can. A shekarar ce uwargidansa, Hajiya Aisha, ta fito fili ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu, injin ɗaukar hoto ma ba ya aiki. A Landan ɗin Allah Ya karɓi ransa a watan Yulin 2025, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ba tonon asirin mamaci nake yi ba, ciwo ba ya shawara da kowa. Abin da nake cewa shi ne, in shugaba bai yarda da asibitin da ke cikin gidansa ba, kansila ma ba zai yarda da na garinsu ba. Jami'an gwamnati da bakinsu suke cewa 'yan Najeriya na kashe sama da dala biliyan 1 duk shekara a jinyar waje. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Kuɗin sun fita, likitocin sun bi kuɗin. Har ta kai mai kuɗinmu zai iya sauka a Saudiyya ya tarar likitan da ke duba shi ɗan Kano ne, ya biya da riyal abin da ya ƙi biya da naira.

Yanzu mu dawo gida, inda ainihin takaicin yake. Mutumin Kutama ko Lakwaya ko Durun da haƙori ya hana shi barci, me yake yi? Ya fara da kanumfari da ruwan gishiri. Bai lafa ba ya je kemis, a haɗa masa ja da fari da yalo a ƙulle a leda, ya sha kwana uku, zafi ya kwanta, kogon yana nan yana ci. Ya tashi kuma, wani ya ce a ɗiga fetur, wani ya ce ruwan batir, wani ya ce a murje ƙwayar ciwon kai a cusa a ramin, duk abubuwan da ke ƙona dasashi ne. Ranar kasuwa ga mai magani da lasifika, zai turara masa hayaƙi ya nuna masa 'yan fararen abubuwa a kwano ya ce ga tsutsar ta fito. Babu wata tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya narkar da haƙori a hankali. Ramin da ɗan ciko zai toshe cikin rabin awa, shi ake bari shekara biyu, har ya kai ga babu abin yi sai cirewa.

Na taɓa shiga motar haya zuwa birni da wani magidanci, shekarunsa ba za su wuce arba'in ba. Ya naɗe haɓarsa da rawani, kumburin ya sauko daga kunci ya cika ƙasan muƙamuƙi har wuyansa ya shafe. Bakinsa ba ya buɗuwa, yawu yana zuba a tsumman da ke hannunsa, kuma ya ƙi jingina da kujera domin in ya kwanta baya numfashi ba ya fita. Ƙaninsa da ke riƙe da shi sai cewa yake, "Sannu Yaya, mun kusa." Duk ramin da mota ta faɗa sai mutumin ya damƙe gwiwar ƙanin. Na tambaya, aka ce turmi ne guda ɗaya, an yi ta fama da shi tun kafin girbi, an je wani asibiti an ce babu mai dubawa, a wuce gaba. Likitoci sun san irin wannan kumburi, mugunyar saiwar haƙori ce take gangarowa ƙarƙashin harshe, kuma tana iya toshe maƙogwaro ta kashe mutum cikin kwanaki. Wannan shi ne ciwon haƙori a ƙasar Gwarzo. A irin wannan ƙasa ake yi mana tallan murmushin Istanbul.

Ga kuma wanda ya fi wannan ciwo. Akwai cutar noma, mai cin fuskar yara 'yan shekara biyu zuwa shida. Daga ɗan gyambo a dasashi take farawa, a jikin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci ta cinye leɓe da hanci. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma mutuwa suke yi. In an gano da wuri kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Tun 1999 akwai asibiti sukutum a Sakkwato don wannan cuta kaɗai, kuma Najeriya ce ta jagoranci roƙon da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Abin alfahari ne ko abin kunya, ku zaɓa. Ni dai na san cutar da ma'aikacin lafiya zai iya tarewa da tocila da minti biyu na leƙa bakin yaro, bai kamata ta kai mu gaban duniya muna roƙo ba. Kuɗin tikitin Alƙahira na mutum ɗaya da ɗan rakiyarsa zai sayi burushi da man goge baki na firamare guda.

Mu ma talakawa ba fes muke ba. Muna da aswaki, sunna ce kuma tsafta ce, amma mun bar shi sai ranar Juma'a. Mai shayi ya zuba sukari gwangwani guda ba mu ce ya rage ba. Yaro ya yi kuka a toshe bakinsa da alewa, ya yi barci da ita a kunci. Lemon kwalba ya zama ruwan sha a biki da suna. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi tun 2022, wanda ko kuɗin ledar ruwa bai kai ba, kuma a nuna mana kujerar haƙori ɗaya da aka saya da shi.

Amma babban kaso na masu riƙe da madafun iko ne, kuma a nan ba mu da uzurin cewa ba mu da kowa a sama. Wannan yanki ya ba Jihar Kano mataimakan gwamna biyu daga Gwarzo: Abdullahi Tijjani Gwarzo daga 2007 zuwa 2011, da Aminu Abdussalam Gwarzo da aka rantsar a 2023. Ya ba Majalisar Dattawa Bello Hayatu Gwarzo, wanda ya riƙe bulaliyar majalisa. Ya ba ta Barau Jibrin, ɗan Kabo, wanda ya zama mataimakin shugabanta a 2023. Muna da ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Gwarzo da Kabo, da 'yan majalisar jiha, da ciyamomi biyu, da kansiloli. Ƙananan hukumomi nawa ne a Arewa suka tara manya haka? Ranku ya daɗe, mun ga motoci da babura da kekunan ɗinki da ake rabawa, an gode. Haƙori ne dai ba ya cikin lissafi, don ba a yanka kintinkiri a kan ciko, ba a kiran maroƙa don an wanke wa tsohuwa dasashi. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙin, har yau a wajen kashi 5 take yawo. A ɗan abin da ake warewa, baki shi ne ɗan bora.

Abin da muke nema ba dashe ba ne. Kujerar haƙori mai aiki a Babban Asibitin Gwarzo da asibitin Kabo, da wutar sola da za ta juya ta, da injin ɗaukar hoto, da tukunyar dafa kayan aiki, da kayan ciko da ba za a ce majinyaci ya je birni ya sayo ba. Likitan haƙori mazauni, wanda aka ba gida da alawus ɗin da zai hana shi neman canjin wurin aiki bayan wata uku. Makarantun koyon aikin lafiya suna yaye ma'aikatan haƙori duk shekara suna zaune a gida, a ɗauke su a raba su asibitocin mazaɓu, su riƙa zagaya firamare da islamiyya da tsangaya suna duba bakin yara. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano ta fito ta faɗa wa jama'a da Hausa, a rediyo, wane aikin haƙori ne yake cikin tsarinta kuma a ina ake samu. Dillalan da ke tallan tiyata kamar suna tallan atamfa kuma, a tambaye su wa ya ba su izini.

Kai kuma Alhaji da ka riga ka yi niyya, kuɗinka ne, bakinka ne, ba mai hana ka. Amma kafin ka ba dillali ko sisi, je ka ga likitan haƙori a Kano ya duba ka, ya ɗauki hoto, ya auna sukarinka, ya faɗa maka ko dashen ma kake buƙata, domin sau da yawa gadar haƙori ko haƙorin roba ya wadatar. Ka tambaye shi nawa aikin zai ci a nan gida, ka kwatanta da tafiya biyu, ba ɗaya ba. In ka ga sai ka tafi, ka sa a rubuta maka sunan likitan da zai yi aikin, da sunan kamfanin ƙarfen da lambarsa, da Turanci, da wanda zai biya in abin ya ɓaci. Ka kuma samu likitan gida da ya yarda zai ci gaba da duba ka bayan ka dawo. Dillalin da ya ƙi ba ka waɗannan a rubuce, ka tashi ka bar masa ofishinsa.